Jabir Mai Dabino da Gwajin Malam Yahya

Jabir Musa Hausawi direban dabino ne. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana ɗauko kaya daga gonakin Badar a wata farar a-kori-kura, yana rarraba wa masu shaguna a Madina. A unguwar Al-Sih aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan 'ya'yansa biyar suka tashi. Mahaifinsa mutumin Damagaram ne da ya zo hajji yana saurayi, bai koma ba. Hausar Jabir ta cikin gida ce, wadda ya tsinta a bakin uwarsa, rabinta Larabci. Mota a wurinsa sayyara ce, waya jawwal, asibiti mustashfa, gwaji fahas.

A shekarar farko ta korona uwar tasa ta rasu a asibiti. Ba a bar kowa ya shiga wurinta ba, ta waya aka sanar da su. Tun daga ranar Jabir ba ya son ya gifta ta ƙofar asibiti. Allurar rigakafi ma sai da matarsa Ƙaltume ta tasa shi gaba da magana kafin ya je.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka, cikin watan Rajab, ya baro Badar da hantsi, sai ya hango wani dattijo a gefen titi da jaka a baya, yana tafiya shi kaɗai. Hular da ke kansa ta isa ta nuna inda ya fito. Jabir ya taka birki.

"Ya Hajj, lafiya? Sayyara ta lalace?"

Dattijon ya yi dariya. Ya ce sunansa Yahya, tsohon malamin firamare ne daga Gumel. Umra ya zo. Shi da matarsa sun daɗe suna burin su tako daga Makka zuwa Madina da ƙafa, Allah bai nufe ta da gani ba, shi ne ya zo ya cika. Kwanansa goma sha uku a hanya.

"Ku hau in rage muku."

"Na gode, Alhaji. Ka dai rage mini ƙishirwa in akwai ruwa."

Jabir ya ba shi gora biyu da dabino cikin leda, ya rubuta masa lambarsa a bayan wani guntun kwali. Ya wuce yana kallonsa ta madubi har ya ɓace.

Bayan kwana shida, ran Laraba da la'asar, wayar Jabir ta yi ƙara. Malam Yahya ne. Ya iso, ya yi ziyara, ya yi kukansa ya more. Amma muryarsa ba irin ta ranar ba ce. Jirginsa na Kano ran Asabar da safe zai tashi, kuma an ce ba mai hawa sai da takardar gwajin korona da aka yi cikin kwana biyu kafin tashi. Abokan tafiyarsa sun koma tun tuni, bai san inda zai nufa ba. Ga tari da ya kwaso a hanya.

"In aka ce ina da ita, Alhaji, killace ni za a yi. Bizata saura kwana huɗu. 'Yata kuma watan haihuwarta ya kama, ba uwa a kusa."

Jabir ya so ya ce masa ya nemi ɗaliban jami'a 'yan Najeriya, su suka saba da irin wannan. Ƙaltume da ke gefe tana tsince shinkafa ta ji komai. Ta kira shi da alkunyarsa, ta ce, "Abu Saif, mutum ya tako daga Makka, kai za ka kasa taka mota zuwa ɗakin gwajin nan na Ƙiblatain?"

Washegari Jabir ya ce wa Malam ya jira shi a masauki. Da ya je ƙarfe goma sha ɗaya, aka ce ai ya fita tun tara. A ƙofar ɗakin gwajin da Jabir ya kwatanta masa, kusa da Masallacin Ƙiblatain, ya same shi zaune a dakali, fuskarsa a jiƙe. Da ƙafa ya zo, cikin rana. Mai gadi ya ɗora masa na'urar auna zafi a goshi, ta nuna zazzaɓi, ya hana shi shiga.

"Shi ke nan, Alhaji. Ta kama ni."

Jabir ya taɓa goshinsa, ya taɓa hular, ya ji kamar an sauke ta daga kan murhu. "Rana ce ta kama ku, ya Hajj. Ku taso."

Ya sa shi a mota, ya kunna na'urar sanyi, ya tuɓe masa hula, ya jiƙa nasa rawanin ya ɗora masa a ka. Suka zauna kusan rabin sa'a. A nan Jabir ya tsinci kansa yana ba shi labarin uwarsa, abin da bai taɓa yi da kowa ba sai Ƙaltume. Malam bai yi masa wa'azi ba. Ya tambayi sunanta, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a da sunan. Da suka koma, na'urar ta nuna lafiya lau. Mai gadi ya ɗaga kafaɗa ya buɗe ƙofa.

Warin magani ya daki Jabir, amma ya shiga. Shi ya cike takarda, yana duba fasfo harafi bayan harafi don kada suna ya saɓa. Da ma'aikaciyar ta zura tsinken auduga a hancin Malam, tsohon da ya keta sahara bai yi raki ba ya damƙe hannun Jabir har sai da ya bar masa shaida. Aka ce sakamako zai zo ta waya kafin gobe da yamma.

Jabir bai mayar da shi masauki ba, gida ya kai shi. Ƙaltume ta dafa masa citta da kanumfari da zuma, ta kawo ruwan ɗumi da gishiri ya tsoma ƙafafunsa da suka tsattsage.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, suna zaune gaban faranti, saƙo ya shigo wayar Malam. Ya sa tabarau, ya karanta Larabcin da kansa, ya ajiye lomar da ke hannunsa.

"Inna lillahi. Sun ce salbiyya."

Malam ya yi karatun littattafai, ya san kalmar ba ta zuwa da alheri. Jabir ya fizge wayar ya duba, sai ya ƙyalƙyale da dariya har ya ƙware.

"Ya Hajj, a fahas salbiyya ita ake nema! Ma fi shai. Babu komai a jikinku."

"Ka tabbata?"

"Wallahi. Babu."

Malam ya juya ya fuskanci alƙibla, ya yi sujada a kan dardumar cin abinci, gefen faranti. Da ya ɗago ya ja farantin gabansa, ya cinye rabonsa, ya nemi ƙari. Ƙaltume daga bayan labule ta ce a faɗa masa akwai saura a tukunya.

Da la'asar suka je aka buga takardar. Jabir ya sa aka yi guda uku, ɗaya a aljihu, ɗaya cikin fasfo, ɗaya a ƙasan jaka. Asabar da safe ya kai shi filin jirgi, ya tsaya bakin shinge har ya ga an duba takardar an miƙa masa tikitin shiga.

Malam ya isa Gumel da kwana tara kafin haihuwar. Abin da Jabir bai sani ba, lambarsa ma ta isa Gumel, daga nan ta wuce Haɗeja da Malam Madori. Har zuwa lokacin da aka janye dokar gwajin, da wuya mako ya wuce wani baƙo bai kira ba yana tambaya ko shi ne Alhaji Jabir mai fahas. Yakan yi tsaki ya ce shi dabino yake sayarwa. Sannan ya tambayi sunan masaukin, ya ja kunnen mai kiran kada ya kuskura ya tako da ƙafa.