Allurar Sinawa a Zauren Baba

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ƙwaƙwalwa, amma ba zai taɓa kwashe ranar da aka kafa wa mahaifina allurai a ƙugu ba, a zaurenmu na cikin birnin Zariya.

Baba shi ne limamin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Lokacin da na dawo hutu daga ƙasar Sin, inda nake aikin tafinta, sai na tarar da shi a ƙarshen sahu yana salla a zaune, wani yana jan mutane. Ciwon baya ya hana shi tsayuwa da ruku'u, kuma a mazhabarmu wanda yake zaune ba ya limancin waɗanda suke tsaye. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Amma da an ta da iƙama sai in ga ya yunƙura kamar zai wuce gaba, sannan ya tuna.

Na yi salla a Alƙahira, na yi a Landan, ban ji karatun da ya kwanta mini kamar nasa ba. Don haka na tafi Wusasa wajen wani abokina likita da ya koyo aikin allurar Sinawa, irin wadda ake kafawa a fata ba tare da ɗura magani ba. Ni kaina an taɓa yi mini ita a wuya a can, na ji daɗinta. Ya yarda zai zo. Kuskurena shi ne ban gaya wa wanzamin gidanmu ba. Na ɗauka aikinsa ya zama tsohon yayi, alhali shi yake yi wa Baba ƙaho shekara da shekaru, ubansa kuma shi ya yi wa kakana.

Likita ya buɗe akwatinsa, Baba ya dubi allurai, ya dube ni.

"Wanzam ya sani?"

"Baba, ai wannan aikin asibiti ne."

"Wannan bayan nawa yana da mai shi. Je ka kira shi."

Da kunya na je. Tsohon ya ɗauko zabirarsa, ya biyo ni. Da ya shigo sai ya ce, "Malam, na ji an kawo maka tela daga Sin zai ɗinke ka." Baba ya yi dariya har ya dafe ƙugu.

Baba ya kwanta rub da ciki a tabarma. Likita ya fara danna bayan da yatsa yana neman wuri, sai wanzami ya matso ya kama hannunsa ya gusar da shi ƙasa kaɗan.

"Nan ne. Nan yake cizonsa in sanyi ya shigo."

Likita ya danna, Baba ya ce wash. Likita ya ɗaga kai ya dubi tsohon, daga nan bai sake kafa allura ba sai ya tambaye shi. Alluran sirara ne kamar gashin doki, ya jera su gefe biyu na ƙashin baya, biyu kuma a bayan gwiwa.

"To, Likita, ni ina fitar da mataccen jini, kowa ya gani da idonsa. Kai me kake fitarwa?" in ji wanzami.

"Ba na fitar da komai, Wanzam. Sinawa sun ce akwai hanyoyi a jiki da ƙarfi yake bi, in sun toshe allura ta buɗe su. Mu kuma muna zaton tana taɓa jijiya ne, sai jiki ya saki nasa maganin zafin, naman da ya ɗaure ya saki. Gaskiya ba wanda ya gama sani. Wani tana yi masa, wani ba ta yi."

"Ashe kai ma da Allah ka dogara," in ji wanzami. "To, mu ɗaya ne."

Sau shida likita ya zo, kowane zuwa wanzami yana zaune a gefe. Ana saura kwana uku in koma, da La'asar, aka ta da iƙama, Baba ya yunƙura, wannan karon ya wuce gaba. Ruku'unsa bai kai yadda yake a da ba, ya kuma daɗe kafin ya ɗago. Ni ina sahu na biyu, ban iya ganin wurin sujadata sosai ba saboda hawaye.

Bai warke ba. Wata bakwai ya ja salla, ciwon ya dawo da damina, ya sake komawa ƙarshen sahu. Wasiƙar rasuwarsa a ƙasar waje ta same ni. Yau babu shi, babu wanzami, likita ma ya riga mu gidan gaskiya, zauren kuma an rushe shi an yi shaguna. In na zo wucewa ta wurin sai in rage tafiya, ban san me nake jira in ji ba.

Abin da na koya shi ne, duk ilmin da ka ɗauko daga nesa, kada ka shiga da shi gida sai ka yi sallama ga wanda ka tarar yana riƙe da gidan. Na iya harsuna biyar, amma tsohon da bai taɓa wuce Kaduna ba ya fi ni sanin inda ke yi wa ubana ciwo.