Kunnuwan Chamsou

Chamsou mutumin Tawa ne, ta ƙasar Nijar. Haka yake rubuta sunansa, irin rubutun Faransanci, mu kuwa Kanawa Shamsu muke ce masa, yana amsawa. Na san shi a shekarar 2016 a wani ofishin kago da ke Al Sabkha a Dubai, kusa da tashar bas, inda nake kai katan-katan na turare a aika mini Kano. Dogo ne siriri mai wushirya, kullum waya na manne da kunnensa. Aikinsa ke nan: 'yan kasuwa su kira daga Yamai ko Maraɗi ko Damagaram suna tambayar ina kayansu suka tsaya, shi kuma ya duba, ya lallashe su. Yana jin Hausa da Faransanci da Zabarmanci, ya tsinci Larabci da Turanci a nan unguwar Deira. Mai ofishin yakan ce ranar da Chamsou bai zo ba, rabin ofis ne bai zo ba.

Matarsa Safiatou tana Tawa da 'yarsu Wasila. Sai bayan shekara biyu-biyu yake zuwa ganinsu. Abin da ya riƙe gidan shi ne saƙon murya, don Safiatou ba ta yi nisa a boko ba, rubutu yana yi mata wuya. Duk yamma sai ta aiko masa da labarin unguwa kaf, yarinyar kuma ta ƙwace wayar ta yi nata surutun.

Ban da iyalinsa, abu ɗaya ne na ga yana motsa Chamsou, shi ne kiɗan jita mai lantarki. Ya ce mini a Agadas ya kamu da shi, lokacin da ya yi shekara uku yana sayar da kayan gyaran mota. A can in Buzaye suna biki sai a shimfiɗa darduma a fili, a ta da janareta, samari uku ko huɗu su rataya jita su yi ta kaɗawa, ƙura na tashi. Ya gwada koyo, yatsunsa suka ƙi. Da ya zo Dubai, wani abokin aikinsa ɗan Filifin ya ja shi wurin wasan rok, kiɗan nan na Turawa mai jita da ganguna da ƙara kamar hadari. Ya ce yana shiga ya ji kamar ya haɗu da ɗan uwan kiɗan Agadas wanda ya tashi a wata ƙasa.

Shi ya ja ni, ni da Hafiz, wani direban motar ɗaukar kaya ɗan Damagaram da suke kwana a fulat ɗaya a Al Buteen. Da farko na ƙi. Na ce ni ɗan Fagge ne, abin da na sani kalangu da kukuma, me zai kai ni inda ƙarti masu gashi har kafaɗa suke ihu? Ya ce in zo sau ɗaya, in ban ji daɗi ba shi zai saya mini shayin karak na wata guda.

A watan Disamba ne, lokacin da garin yake sanyi ana yin wasanni a fili. Muka hau jirgin ƙasa na metro bayan la'asar, muka yi magariba a ɗan ɗakin salla da ke bakin wurin, muka shiga. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba: Indiyawa, 'yan Filifin, Larabawan Sham, Turawa da furfura a kansu sanye da baƙaƙen riguna. Da aka buga gangar farko sai na ji ta a haƙarƙarina. Na waiwaya zan ce wa Chamsou mu fita, na tarar ya rufe ido, ya ɗaga kai, yana murmushi shi kaɗai. Can ya kamo kafaɗata, ya kawo baki daidai kunnena.

"Musbahu, ka bar mai waƙar. Ka bi wancan na gefe, mai jita mai kaurin murya. Shi ke riƙe da su duka."

Na bi shi da kunne, sai kuwa hayaniyar ta warware, na fara jin kowa da hanyarsa. Ban karɓi shayin ba.

Daga nan ya zama mana al'ada. Sau biyu ko uku a shekara, duk sanyi, mu uku. Ba ma shan abin da ake sha a can, ruwa ne namu. Hafiz bai damu da wa ke kaɗawa ba, shi dai a ba shi fili ya yi tsalle, har wani Ba'indiye ya taɓa ɗaukarsa a kafaɗa. Ni nakan tsaya baya-baya. Chamsou kuwa sai ya kutsa har gaba, jikin manyan sifikun nan da suka fi mutum tsawo, ya ce a nan kiɗan yake da nama. Ya san sunan kowace ƙungiya, da wanda ya bar ta, da shekarar da ya bar ta. A hanyar dawowa ba ya barin kowa ya yi magana. Da annobar korona ta rufe komai, abin da ya fi yi wa ƙorafi ke nan, fiye da zaman ɗaki.

A watan Agustan 2023 ya yi zazzaɓi na kwana uku. Ranar da ya tashi, kunnensa na hagu ya toshe, wani zuuu ya cika shi kamar an zuba ƙudan zuma. Ya ɗauka datti ne. Hafiz ya ɗiga masa man zaitun, wani ya ba shi maganin mura. Aiki ya yi yawa a lokacin, kwantena biyu na jiran lodi, sai ya mayar da waya kunnen dama ya ci gaba. Sai da aka shafe mako shida kafin ya je asibiti. Likitan ya gaya masa cewa jijiyar kunnen ta mutu, da a makon farko ya zo da an gwada wani abu. Ya auna na daman, ya ce shi ma ya daɗe da raunana, ya tambaye shi ko yana aiki a inda ake ƙara. Chamsou ya ce a'a. Bai gaya masa sauran ba.

Mu ma bai gaya mana komai ba. Mun dai lura yana karkato da kai in ana magana, yana dariya inda ba abin dariya. Asiri ya tonu ne a wurin aiki. Wani ɗan kasuwa ya kira ya ce a kai kayansa Madawa, Chamsou ya rubuta Maraɗi. Aka sake yin irin haka sau biyu. Mai ofishin ba mugu ba ne, bai kore shi ba. Ya mayar da shi sito a Al Khabaisi, inda ake ɗaure katan da salatif ana rubuta lamba a jiki. Mutumin da harshe biyar ke bakinsa ya koma yana yini bai ce uffan ba. Kafin shekara ta ƙare kunnen daman ma ya ja baya sosai. Ya sayi na'urar ji, ƙarama, ta bayan kunne. Takan taimaka in mutum ɗaya ne a gabansa a ɗaki shiru, amma a titi ko a waya, ya ce kamar ana kaɗa gwangwani ne.

A wannan tsakanin yayansa Hamissou ya zo sarin kaya daga Tawa. Dattijo ne mai riƙo da addini, shi ya riƙe Chamsou bayan rasuwar mahaifinsu. Muna zaune a fulat ɗin ana cin shinkafa ya ɗaga murya yadda ƙanen zai ji, ya ce shekara nawa yana faɗa masa ya bar wannan kiɗe-kiɗen, kunnen da aka ba mutum don ya ji karatu ya kai shi gaban sifika, ga shi Mai abu ya karɓe abinsa. Hafiz ya buɗe baki zai tanka, Chamsou ya dafa gwiwarsa.

"Na ji, Yaya," in ji shi. "Wannan kam na ji."

Maganar ta zauna masa. Ya goge waƙoƙin da ke wayarsa. Bayan kwana biyu ya tambaye ni, a rubuce, ko ina ganin alhaki ne. Na rubuta masa cewa zazzaɓi ne, kuma na san masu ciwon kunne da ba su taɓa zuwa wasa ba. Ya karanta, ya mayar mini da wayar, bai nuna ya yarda ba.

Akwai wasan da Hafiz ya sayi tikitinsa tun kafin ciwon. Wata ƙungiyar Buzaye ce za ta buɗe wa wasu Turawa fili a watan Janairu. Shekara da shekaru Chamsou yana cewa wata rana sai mutanen hamada sun hau dandamalin nan. Ni da Hafiz muka shirya mu sayar da tikitin a ɓoye, amma shi da kansa ya ce yalla, za a je.

Da wuri suka hau, rana ba ta gama faɗuwa ba. Mutum biyar, da rawuna da manyan riguna, jita a rataye. Wannan karon Chamsou bai kutsa gaba ba, ya tsaya kusa da ni. Suna farawa ya yamutsa fuska, ya zare na'urar ya sa a aljihu. Ya daɗe yana kallon yatsun mai jitar, leɓensa na motsi, yana neman ya kamo. Mutane suka ɗauki tafi, ya bi su, amma tafinsa na zuwa a makare. Sai ya juyo gare ni.

"Mi suke yi? Wacce ce?"

Ban sani ba. Duk shekarun nan shi ke gaya mana. Na kawo baki kunnensa na dama na gwada rera masa abin da nake ji, da wannan muryar tawa. Ya girgiza kai, na sake, ya sake girgizawa. Ya yi 'yar dariya, ya bubbuga bayana, ya juya ya bi ta cikin mutane ya fita.

Na same shi a waje zaune a kan dakalin titi, kusa da inda tasi ke tsayawa. Hafiz ya biyo mu da gorar ruwa. Muka zauna kusa da Chamsou. Hawaye na bin fuskarsa bai share ba. Da ya yi magana, da ƙarfi ya yi ta, yadda masu ciwon kunne ke yi, har wani direba ya waiwayo.

"Kiɗan nan duk yana cikin kaina, ba wanda zai ƙwace. Wasila ce. Ta zubar da haƙori, uwarta ta ce maganarta ta sake. Wata huɗu ke nan Hafiz ke saurara yana faɗa mini abin da ta ce. Ban san muryar ɗiyata ba yanzu."

Hafiz ya sunkuyar da kai. Sai a ranar na san cewa shi ke zama duk yamma ya saurari saƙon matar abokinsa, ya rubuta masa a takarda, ya tsallake abin da kunya ta hana shi rubutawa. Safiatou kuma ba ta sani ba. Tana can tana mamakin yadda amsoshin mijinta suka gajarce.

Mu muka matsa masa ya gaya mata. Ya yi mata saƙon murya mai tsawo washegari, ta amsa da ɗan gajere. Hafiz ya ce kuka ta yi, sannan ta ce ya dawo gida kawai, kurma ko makaho, ita mijinta take so.

Bizarsa ta ƙare a watan Mayun 2024, bai nemi a sabunta ba. Muka raka shi filin jirgi da hantsi, da jaka biyu da keken yara ja da ya saya wa Wasila. Ya bar wa Hafiz ƙaramar sifikarsa, ni ya ba ni wata baƙar riga da ya saya a wasanmu na farko, ta yi mini tsawo. A bakin ƙofa ya rungume mu, ya ce kalas, wato shi ke nan, kada wanda ya yi masa fuskar makoki.

Yanzu yana zaune a shagon Hamissou a kasuwar Tawa, yana jera kaya yana kula da sito. Hamissou ɗin ne, in ji Hafiz, ya kai shi Yamai sau biyu wurin wani likitan, ya kuma rataya allo da alli a shagon don masu saye su rubuta abin da suke so. Bai janye maganarsa ba, amma bai sake yin ta ba. Likitan Yamai bai faɗi abin da ya bambanta da na nan ba.

Ni da Hafiz mun gwada zuwa wasa sau ɗaya bayan tafiyarsa. Muka tsaya kamar baƙi, ba mu san su wane ne a kan dandamali ba. Hafiz bai yi tsalle ba. Kafin a kai rabi ya kalle ni, na kalle shi, muka fita. Bara ya samu aiki a Sharja, yanzu sai a waya muke gaisawa.

Chamsou yakan rubuto mini lokaci-lokaci, da Hausarsa mai rubutun Faransanci da sai na karanta sau biyu. Watan jiya Safiatou ta haifi namiji. Ya turo hoton jaririn a hannunsa ranar suna. Ya ce shi ya yi masa huɗuba da kansa, kuma matan gidan sun ce yaron akwai murya, duk unguwa an san da zuwansa. Ya ce in yaron yana kuka yakan ɗora shi a ƙirji, a nan yake ganewa. Na yi masa barka, na tambaye shi lambar takalmin Wasila, don akwai mai tafiya Tawa ranar Alhamis.