Hitar Tsinke

Tsinke muke ce masa tun muna yara, saboda rashin jiki. Shi kuma Sarkin Ƙarfe yake ce mini, don walda nake yi, shagona na jingine da nasa na gyaran rediyo. Da sikila aka haife shi. Kowa a layinmu ya san dokarsa guda ce: ruwan sanyi ba ya taɓa jikinsa. Innarsa ta tsufa tana dafa masa ruwan wanka, ko da ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa.

Da ya samu gurbin karatun lantarki a kwaleji, ni na saya masa hita, irin murɗaɗɗen ƙarfen nan da ake tsomawa a bokiti. Ya jujjuya ta ya ce, "Wannan ai ta girme ni." Ya zauna ya sauya mata waya, ya naɗe mariƙin da jan salatif.

Zuwansa gida na farko bakinsa bai rufu ba.

"Ajinmu kamar tashar mota," in ji shi. "Wanda bai samu benci ba ta taga yake karatu. Malamin kuma magana yake kamar an biyo shi. Kafin in rubuta ɗaya ya faɗi goma."

"To ka tsinci wani abu, ko zaman ɗumama benci ka je?"

"Na tsinta mana. Ashe duk abin da nake taɓawa a cikin rediyo yana da suna, har da lissafinsa."

Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta ranar ba. Abin da bai faɗa mini ba shi ne al'adar ɗakin kwanansu. Ɗakin yana can saman bene, famfo kuma yana ƙasa. Sabon shiga shi ke ɗebo wa manya ruwa, shi ke musu wanki, har sai an yi gwajin farko. Shugaban ɗakin, wani ɗan ajin ƙarshe da suke kira Gwamna, ya karɓe hitar wai doka ta hana.

Zuwansa na biyu idanunsa sun yi rawaya, yatsunsa sun kumbura. Sai da na matsa masa ya faɗa.

"Yaya Gwamna ne ya ajiye mini hitar."

"Yayan wa? Nono ɗaya kuka sha?"

"Ya girme ni, Sarkin Ƙarfe. Ka taɓa jin na yi musu da babba?"

"Ka gaya masa ciwonka?"

Ya ɗauki guntun ƙarfe a kan teburina yana wasa da shi. "Can ba wanda ke ce mini yaya jiki. Bokiti suke miƙo mini kamar kowa. Ba ka san daɗin wannan ba."

Na zage shi tas. Na ce zan sayo wata, ya ce ita ma karɓewa za a yi. Ya ce saura ƙiris a yi gwajin, in bar shi ya ƙarasa kamar sauran.

Bai ƙarasa ba. Ranar da aka wuni ana ruwan sama ya tsuguna a bakin famfo yana wanke wandunan ƙarti masu hannu biyu, ya watsa ruwan sanyi, ya wuce ɗakin gwaje-gwaje don malamin ya ce wanda bai zo ba ba a maimaita masa. A kan teburin aiki ya kife. Mun bi shi asibiti, Inna tana riƙe da ƙafarsa har Allah ya karɓi abinsa.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. An faɗa mini, na kuma yarda. Amma har yau in na tuna wandunan nan sai in ji ƙirjina kamar ƙarfen da ke cikin wuta.

Ni na je kwaso kayansa. Na hau benen nan ina tunanin sau nawa ya hau shi da bokiti. Ina shiga na ga Gwamna zaune a bakin gado da tawul a wuya. A gabansa bokiti na tururi, jan salatif ya leƙo daga ciki.

"Sannu da zuwa, malam. Ya haƙuri? Wallahi bai taɓa gaya mana ba shi da lafiya ba."

"Kai da ka ce doka ta hana, me wannan ke yi a bokitinka?"

"Ai haka aka yi mana mu ma da muka zo."

"Sai mutum ya ce zai mutu kafin ku bar masa kayansa?"

Na fizge wayar daga bango, na ɗauki hitar da zafinta. Ta ƙone mini tafin hannu, ban kuma sake ta ba har na sauka.

Inna ta karɓi jakarsa da littattafansa. Da na miƙa mata hitar sai ta kalle ta, ta kalli hannuna.

"Ashe tana aiki," ta ce.

Ta ƙi karɓa. Hitar tana nan rataye a shagona, a ƙusar da yake rataya hularsa.