Ranar da Na Ba Kafilina Labarin Wuyan Sarki

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Manfuha, ni da abokin ɗakina mai tuƙin tasi, wanda ya ce zai sauke ni a gidan kafilina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a Saudiyya. Mu shida ne a ɗakin, kuma babu wanda bai ba ni shawara ba. Shawarar dai ɗaya ce: in kama bakina. Sun san halina. Shekara tara na yi ina koyar da tarihin Turai a wata sakandare a gida, kafin neman abinci ya mai da ni direba a Riyad, kuma har yau ko tsadar gurasar tamis aka tayar sai na kai zancen Faransa. Ga igamata, takardar izinin zama, saura wata ɗaya ta ƙare, sabunta ta kuwa sai kafili ya ga dama. In ya ƙi, sai jirgin Kano.

Kafilin nawa tsoho ne da ya haura tamanin, a keke muke tura shi, Baba muke ce masa. Shi kuma ustaz yake kirana, rabi girmamawa rabi tsokana. Zafin Riyad ne ya kore shi zuwa Turai kamar kowace shekara, sai dai bana ya ce ba za a ɗauki mai yi masa bayani ba, tunda ga ustaz yana cin shinkafar kabsarsa kullum. Mu huɗu muka hau jirgi: shi, matarsa da muke ce wa Mama, 'yar aikinsu, da ni.

Birnin Florence na Italiya muka fara sauka. Titunansu ƙananan duwatsu ne a jere, ina tura keken haƙoran Baba na kaɗawa. Shayin da nake sha riyal ɗaya a unguwarmu, a can kuɗinsa zai ciyar da ɗakinmu waken ful da tamis har a rage na rana, kuma ko sukari ba sa zubawa. Na kai su wani babban fili mai gumakan dutse, ina tafe ina bugun ƙirji. Da muka isa na so ƙasa ta tsage. Littafin da na koyar da shi a gida kwafin inji ne, duk hotunansa sun fito baƙi ƙirin. Ashe baƙin nan sutura ce Allah Ya yi wa ɗalibaina, don mutanen dutsen nan ko bante babu. Mama ta juya tana karanta allon wani shagon takalma. Baba ya ce, "Ya ustaz, waɗannan ne masu ilimin naka?" Na yi maza na ce ilimin daga tsoffin littattafai suka farfaɗo da shi, da yawa kuma ta hannun Larabawa suka iso musu. Ya yi murmushi har kunne, ya sa aka sayo mini ayis kirim. Daga nan kaina ya fara kumbura.

Bayan kwana huɗu muka wuce Faransa, muka je fadar sarakunansu da ke bayan garin Paris. Na sha faɗin girmanta a aji, amma da na gani sai na san ƙarya na rage, ban ƙara ba. Ɗaki cikin ɗaki, ruwan zinariya har a ƙofa, wani dogon zaure kuma madubi ne daga farko har ƙarshe. Baba ya ji daɗi ƙwarai, har yana cewa maigidan nan ya san darajar kansa. Muna fitowa lambu ya tambaye ni inda mai fadar ya ƙare.

Na tuna mutanen ɗakinmu. Na ce, "Ya rasu, Baba."

"Da wane ciwo?"

"Wuya ne ya dame shi."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ustaz ne ko dillali? Faɗi."

To, an taɓa malami a inda yake masa ƙaiƙayi. Na faɗa masa yadda talaka ke ɗaukar nauyin haraji manya na tsallakewa, yadda burodi ya gagari mai aiki, yadda matan kasuwa suka tako a ƙafa cikin ruwan sama har ƙofar nan suka tasa sarki gaba zuwa Paris. Na manta a gaban wa nake. Muryata ta ɗaga, wasu baƙi har sun tsaya suna saurare. Da na zo inda wuƙar injin fille kai ta sauko a wuyan sarki, na ɗaga hannu biyu don in kwatanta. Hannuwan nan kuwa su ne ke riƙe da keken. Wurin gangare ne. Baba ya nufi tafkin lambu a hankali, rawaninsa na tashi, sai da 'yar aikin ta zubar da jakunkuna ta tare shi.

Daga ranar har muka baro ƙasar bai sake ce mini ustaz ba. Tsoro ya kama ni sosai. Mutumin da ya ba ubangidansa labarin yadda ake sare iyayen gida, sannan ya sake shi ya nufi ruwa, da wace fuska zai ce a sabunta masa takarda?

Mun sauka Riyad da azahar, zafi ya mare mu tun daga ƙofar jirgi. A Manfuha na ba mutanen ɗakinmu labari, aka yi dariya har da mai riƙe ciki, sannan wani ya fara tambayar wa zai gaji katifata. Kwana tara ina kai Baba asibiti a Shumaisi ina dawo da shi, ba uffan.

Ranar Juma'a aka kira ni majalisa. Na tarar da 'ya'yansa maza biyar a zaune, kowa da kamfaninsa da ma'aikatansa. Baba ya miƙo mini igamata, sabuwa fil, ya ce, "Ya ustaz, taka birkin keken nan tukuna. Yawwa. Yanzu ba su labarin nan. Ka fara daga burodin, kar ka tsallake wuyan."

Na yi awa guda ina magana, babu wanda ya taɓa waya. Babban har ya sassauta maɓallin wuyan jallabiyarsa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan. Shekara tara na yi ina ba 'ya'yan talakawa labarin nan suna gyangyaɗi, ina zagin kaina da rashin iya koyarwa. Ashe ba laifina ba ne, ajin ne aka ba ni ba daidai ba. Su yunwar sun riga sun san ta tun daga gida.