Laifin da Malam Sannu-Sannu Ya Ɗaukar Mini

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina tsaye kan injin yankan takarda, mai shagon kusa da nawa ya leƙo ya ce Malam Sannu-Sannu ya cika a asibiti. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Na kashe injin, na nemi kujera na zauna.

Malam, shekara goma sha shida kana duba mini na'urori. Kowa a layinmu ya san ban gaji ko allura ba. Da injin fotokofi guda na fara, a ƙarƙashin matakalar bene, yau ina da ma'aikata bakwai da firinta huɗu. Ina yawan faɗin haka, har da inda ba a tambaye ni ba. Abin da ba na faɗi shi ne, ranar da na sayi kwamfutar farko ban san inda ake kunna ta ba. Kai ka zauna da ni mako biyu bayan la'asar, ka kama yatsana kamar na ɗan aji ɗaya. Da na goge aikin wani lauya gaba ɗaya, ka dawo da shi, ka ce, "Maigida, kwamfuta ba ta da riƙo, mai ita ne ke da gaggawa."

Mu muka laƙaba maka Sannu-Sannu, saboda yadda kake aiki. Kai ka koya mini cewa kowace firinta tana da wata 'yar manhaja da ke isar mata da saƙon kwamfuta, wadda kuke kira direba, kuma masu ƙera na'ura kan fito da sabuwa lokaci-lokaci. Ba ka taɓa sa sabuwa ba sai ka adana tsohuwar a fulash, ka manna masa takarda da kwanan wata. Sai ka buga shafin gwaji, ka fita da shi bakin ƙofa ka duba launi a hasken rana. In akwai babban aiki a makon, ko na yi ta faɗa ba ka taɓa komai. Ka kan ce ba a yi wa doki aski ranar tafiya.

Ni kuwa abin yana cina. Wata Asabar, shekara uku da suka wuce, na ga tallar wata manhaja da ke binciko direbobi ta sabunta su da kanta, ba ruwanta da jiran kowa. Na sa ta a kwamfutar babbar firinta, ban gaya wa kowa ba. Ina ji a raina yau na kama wayon masu gyara.

Ranar Litinin muka buga kalandar wata makarantar 'yan mata, kwafi ɗari huɗu, da hotunan ɗaliban da za a yaye. Duk fuskokin suka fito kore-kore kamar ganyen da ya kwana a ruwa. Shugabar makarantar ta zo ɗauka, ta ɗaga ɗaya, ta ce, "Alhaji, waɗannan 'ya'yan mutane ne ko kwaɗi?" Ma'aikatana suna tsaye. Kai ma an kira ka, ka shigo da jakarka a kafaɗa. Ranar Alhamis da ta gabata ka zo ka share wa firintar ƙura, kowa ya gan ka.

Na buɗe baki na ce, "Hajiya, mai gyaran ne ya taɓa ta. Shekaru sun fara ja."

Ka zauna gaban kwamfutar. Ba a yi minti biyu ba ka ga manhajar, ka ga ranar da aka sa ta. Ka ɗago ka dube ni, sau ɗaya tak. Sannan ka ciro fulash, ka mayar da tsohon direba, ka buga gwaji, ka fita bakin ƙofa ka duba. Da ka dawo ka ce, "An gyara, Maigida. A yi haƙuri, Hajiya."

Ashe kai ke kula da kwamfutocin makarantar ma. Kafin wata ya ƙare shugabar ta ba wani aikin. Magana ta zaga layi cewa hannun Sannu-Sannu ya fara rawa, wasu shaguna suka daina kiranka. Ina ji, ina gani, na yi gum. Kai kuwa ba ka fasa zuwa wurina ba. Manhajar ma ba ka cire ta ba. Ka saita ta yadda za ta riƙa nuna abin da ta samo, ta jira izini, ka ce tana da amfani in an sa mata linzami. Ko a nan ba ka ce mini "ka gani" ba.

Da ka kwanta rashin lafiya, na je duba ka a asibiti da niyyar in amsa laifina. Na tarar da surukinka da abokanka biyu a ɗakin, sai na ɓige da hirar tsadar tawada. Na ce gobe. Gobe ta malalaci ce, ni da nake yi wa kowa gorin himma.

A zaman makoki babbar 'yarka ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce, "Baba, mun gode. Kullum yana cewa kai ne ba ka juya masa baya ba bayan kuskuren nan da ya yi. Ya ce ka rufa masa asiri." Ashe ko a cikin gidanka ba ka tona ni ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce mata Allah Ya ba da haƙuri, na nemi takalmana.

Jiya na je makarantar na gaya wa shugabar komai. Ta ce, "Ni ka zo gaya wa? Ai ba ni ka zalunta ba." Gaskiyarta. Wanda na zalunta ba ya inda zan same shi, shi ya sa na rubuta wannan don 'yan layinmu su karanta, ma'aikatana su karanta.

Ke kuma 'yata, mahaifinki bai yi kuskure ba. Hannunsa bai taɓa rawa ba. Ni na ɓata aikin, ni na ɗora masa, shi ya rufa mini asiri shekara uku. Ki gaya wa ƙannenki, ki gaya wa mahaifiyarku. Zan zo da ƙafata in maimaita a gabanta, in za ta yarda ta saurare ni.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yalwata kabarinka, Ya sa haƙurinka ya zame maka haske. Ya Allah, yadda bawanKa ya suturta wanda bai cancanta ba, Ka suturta shi ranar da babu sutura sai taKa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, da 'ya'yansa biyar, da 'yan uwa, da duk abokan sana'arsa. Allah Ya ba ku juriyar rashi, Ya albarkaci bayansa. Ni kuma ku yafe mini, in kun iya.