Garin Masunta da ke Ƙarƙashin Ruwa

Har yau ranar Alhamis ɗin nan ba ta fita a raina ba. Lokacin shekarata biyu da zuwa Jidda, ina aikin nas a wani kamfani mai kula da marasa lafiya a gidajensu. Aka tura ni unguwar Abhur da ke bakin teku, wurin wani dattijo mutumin Girka, tsohon injiniyan jirgin ruwa, wanda kowa ke kira Muhandis, wato injiniya da Larabci. Mantuwa ta fara kama shi.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, kowace safiya nas yakan gwada jini, ya ja majinyaci da hira don ya ga inda hankalinsa yake, sannan ya rubuta rahoto. Da wannan rahoton likita ke ƙara magani ko ya rage.

Wata safiya muna zaune bakin teku sai ya ce mini, "Habibu, ina yaro na sha yin iyo a kan wani gari. Ka leƙa ƙasa, ga ganuwa, ga harsashin ɗakin bauta, kifi na yawo a tsakani. Haliyis sunansa, wato masunta."

Na ce, "To, Baba." Na koma na rubuta: ruɗewa ta ƙaru, yana ganin gari a cikin ruwa. Likita ta karanta, ta ƙara masa magani, ta hana kai shi bakin teku. Kwana huɗu yana gyangyaɗi a kujera, ko cokali ba ya iya riƙewa.

Ranar Alhamis 'yarsa ta sauka daga Atina, babban birnin Girka. Ta karanta rahoton a tsaye, ba ta ɗaga murya ba. Taswira ta buɗe mini a waya, ta nuna wani lungun teku a kudancin ƙasarsu, dab da ƙauyen da aka haife shi. Garin na nan. An watse daga cikinsa fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, daga baya ruwa ya cinye gefensa. Ga hotunan duwatsun a jere, ana hango su ta cikin ruwa.

Ta ce, "Ka tambaye shi a ina garin yake?"

Ban tambaya ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A gabanta na kira likita na ce kuskuren nawa ne, na sake rahoton da hannuna. Da maganin ya sake shi, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya dube ni ya ce, "Halas, ya wuce. Me ka yi?" Bai ma tuna ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Ku da kuke fara aikin nan, layi ɗaya na rahotonku yana iya kwantar da mutum. Mai mantuwa ba komai ya manta ba. Idan ya faɗi abin da ba ku sani ba, ku fara zargin saninku kafin hankalinsa.