Hoton Cikin Ɗan Farina

Damina ta yi nisa, masara ta fara fitar da gemu a bayan gidajen Tudun Wada, amma ni shekarar nan nauyi kawai ta yi mini. Ɗana na fari ya rame, idanunsa sun koma ruwan ɗorawa. Mun ɗauka shawara ce, ashe ciwon daji ne ya fito masa a wata tsoka da ke kwance bayan tumbi.

Da yake ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba. Tun yaye aka kai shi Tudun Jukun wajen Hajiya, yayar babansa. Ita yake ce wa Inna, ni kuwa Yaya.

Likita ya ce kafin a yi aiki sai an sa shi a na'ura an ɗauki hoton cikinsa, a ga ko ƙarin ya naɗe babbar jijiyar jini. In ya naɗe, ba ya ciruwa.

Ranar da hoton ya fito, likitan ya leƙo ya ce, "Wace ce mahaifiyarsa?"

Na sunkuyar da kai, kamar yadda na saba shekara arba'in. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ga ni."

Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Daga kan benci ina hangen likita yana nuna mata wani wuri da biro, tana gyaɗa kai, hannunta a kafaɗar yaron. Allah ya yafe mini. Ni na ɗauke shi wata tara, amma ita ake nuna wa cikinsa.

Ta fito rungume da ƙatuwar ambulan. "Alhamdu lillahi, bai kama jijiyar ba, za su yi aikin." Ta dube ni. "Ke kuwa ko tambaya babu? Kunyar har asibiti?"

"Ai kin jiyo mana, Hajiya," na ce.

Washegari da hantsi na tafi gidanta. Yaron yana kwance a falo. Na ce ta ba ni hoton, ta miƙo tana dariya: "Me za ki gane a ciki?"

Na ɗaga shi saitin taga. Ban gane komai ba, duhu ne da toka-toka. Amma a can kusurwa akwai rubutu, kuma na yi ajin yaƙi da jahilci. Na sa yatsa na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, na karanta a fili.

Ya ɗago kai a hankali ya ce, "Na'am."